2.4 Tarihin Ƙirar Mota Kunkuru da Sake Dawowarta

Daga cikin motocin da Bahaushe ya laƙaba wa suna saboda siffarsu, akwai Volkswagen Beetle, wadda aka fi sani da Bosuwaja ko Kunkuru. Wannan suna ya samo asali ne daga bayanta mai doro. Wannan sashe zai yi bayani a kan yadda aka ƙera ta, da yadda ta shigo Nijeriya, da kuma yadda aka sake dawo da siffarta bayan shekaru.

An fara ƙera wannan mota a ƙasar Jamus a shekarar 1938. Injiniya Ferdinand Porsche ne ya tsara ta bisa umurnin gwamnatin Hitler, wadda ta nemi a samar da mota mai arha da talaka zai iya mallaka. Ma'anar kalmar Volkswagen ita ce "motar jama'a". Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin, sai a 1945 sojojin Ingila suka farfaɗo da masana'antar da ke garin Wolfsburg. A shekarar 1972 yawan da aka ƙera ya haura miliyan 15, ta zarce Ford Model T ta Amurka.

Abubuwa biyu ne suka bambanta ta da sauran motoci. Na farko, injinta a baya yake, wurin ajiye kaya kuma a gaba. Na biyu, iska ce ke sanyaya injin, don haka ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa.

A shekarar 1975 kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa ta a Legas, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Wannan ya zo daidai da ƙarin albashin Udoji, lokacin da kuɗi suka shiga hannun ma'aikata. Saboda haka ta zama motar farko ga malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da dama. A yanki irin na Maiyama da Jega da Aliero, inda ake fama da zafi a watannin bazara, motar da ba ta neman ruwa abin so ce. Haka kuma, injinta ba shi da sarƙaƙiya, bakanike na bakin hanya yana iya sauke shi ya gyara. Bayan shigowar tsarin SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, harhaɗa motoci ya ja baya, daga bisani motocin kwatano suka maye gurbinta. A duniya kuwa, an ƙera ta ƙarshe a garin Puebla na ƙasar Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003, bayan an samar da sama da miliyan 21.

Tun kafin wannan lokaci, a 1994, wasu masu zanen motoci biyu, J Mays da Freeman Thomas, sun fito da samfurin da suka kira Concept One, aka nuna shi a bajekolin motoci na Detroit. Karɓuwar da ya samu ce ta sa aka fito da New Beetle kasuwa a 1998. An maido da doron, da zagayayyun fitilu, har da ɗan wurin sa fure kusa da sitiyari. Sai dai an gina ta ne a kan gindin motar Golf: injin ya koma gaba, ruwa ke sanyaya shi, kwamfuta kuma ke sarrafa shi. An sake fasalinta a 2011, sannan aka daina ƙera ta a watan Yuli na 2019.

Idan aka lura da wannan tarihi, za a ga cewa siffa kawai aka dawo da ita. Arha da sauƙin gyara, waɗanda suka kai tsohuwar hannun malamin makaranta a ƙasar Kabi, ba su biyo sabuwar ba. Tsohuwar motar buƙata ce, sabuwar kuwa ta ƙawa ce ga mai hali. Sashe na gaba zai dubi sunayen da ake yi wa motocin Fijo.