Sukuwa: Me Ya Sa Jira Ya Fi Kallo Tsawo?

Gabatarwa

A Bauchi, kamar sauran garuruwan sarauta, doki abin alfahari ne. Da an ji za a yi sukuwa, matasa daga Ƙofar Wambai da Wunti da Ƙofar Ran kan yi sammakon neman wurin tsayuwa. Sai dai sau da yawa mutum zai shafe sa'o'i a rana domin gudun da bai wuce 'yan mintuna ba. Wannan maƙala za ta duba dalilan haka.

Matsalar lokaci

Da farko, lokacin kansa ƙanƙane ne. Saboda zafin rana, akan jira sai bayan la'asar, magariba kuwa na yi taro ya watse. Ke nan abin da ake da shi bai fi sa'o'i biyu ba. Idan aka zauna jiran babban baƙo, aka yi jawabai, rabinsu ya tafi. Ga jera dawakai a bakin layi, wanda kan ci lokaci idan wani ya yi tutsu.

Na biyu, tsayar da rana ma aiki ne. Da damina fili kan yi santsi, da azumi mahaya da 'yan kallo ba su da kuzari. Sukuwar da aka jingina da bikin Sallah kuwa, sai an ga wata ake sanin ranarta. Wani lokaci ma abin ya fi ƙarfin masu shiryawa, kamar a 2020 da annobar korona ta hana hawan Sallah a Kano da wasu masarautu.

Yadda abin yake a Amurka

Masu tseren motoci na gajeren zango, inda motoci biyu kan ja layi su miƙe, su ma suna fama da wannan. Ƙungiyarsu ta NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ta saba da zangon mita 402. Bayan rasuwar direba Scott Kalitta a 2008, aka rage wa motoci mafiya gudu zuwa kimanin mita 305. Ba sa kai daƙiƙa huɗu sun gama, amma bayan kowane zagaye sai an kwance injin an sake ɗaurawa. Ruwan sama ko zubar mai a kan titi kan tsayar da komai.

Dabararsu ita ce cike giɓin. Suna barin 'yan kallo su shiga wurin makanikai su ga aikin da idonsu, ƙananan motoci kuma na tsere kafin manya su shirya. A 2010 suka fara jera motoci huɗu lokaci guda a wani fili kusa da Charlotte.

Kammalawa

Mu ma muna da abin cike giɓi: kiɗa, kirari da adon dawakai. Abin da ya rage shi ne a sanar da jadawali tun da wuri, a fara kan lokaci ko babban baƙo bai iso ba, a kuma tanadi rumfa da ruwan sha. Ɗan kallon da ya koma gida bai ga zagayen ƙarshe ba, da wuya ya dawo baɗi, kuma idan fili ya zama wayam, masu zuba kuɗin kyaututtuka su ma janyewa za su yi.