Ba Kowane Ƙarin Maraina Ne Sankara Ba

Ɗan maraina yana lulluɓe da siririn tantani mai ruɓi biyu, ɗan'uwan wanda ya shimfiɗe cikin ciki. Jefi-jefi ƙwayoyin irin wannan tantani kan dunƙule su zama ƙari mai tauri, marar zafi, wanda galibi bai wuce santimita 2 ba. Golden da Ash ne suka raɗa masa suna adinomatoyid a 1945. Ba ya yaɗuwa, kuma cire shi ya wadatar.

Sai dai fa, ya mai karatu, laluben hannu ba ya rarrabe shi da sankara. Madubin likita ke yanke hukunci: ana tsakiyar tiyata a gutsuri ƙarin a duba, domin kada a cire lafiyayyen ɗan maraina a banza.