Ƙwayoyin Jijiya da Ciwon Shan-inna

A Manawashi, kamar sauran unguwannin Gombe, akan ga ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin shan-inna. Shin me ake karewa? Ƙwayoyin jijiya ne, wato niyuron. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana ɗauke da kimanin biliyan 86. Kowace ɗaya tana da rassa masu karɓar saƙo da dogon zare mai isar da shi. Wasu ƙwayoyin kuma, giliya, su ke ciyar da su da kare su.

Cutar shan-inna tana kashe niyuron na cikin laka, masu umartar tsoka ta motsa. Wadda ta mutu ba ta mayuwa, sai ƙafa ta shanye. Saboda haka, ko da yake a 2020 an tabbatar Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar, kada iyaye su yi sake da riga-kafi.