Kamun Kifi A Bakin Ciyawa Da Kaka

Jama'a, ga kaka ta kama, ruwan fadamu ya soma ja da baya. Manoman da ke kusa da dam ɗin Tomas a ƙasar Dambatta, da na Watari a Bagwai, sun san yanzu ne kifi ke araha. To, bari mu duba dalili.

Da damina ruwa kan malala ya rufe ciyawar bakin gaɓa. Sai tarwaɗa da karfasa su bi shi, su yi ƙwai a cikin ciyawar, domin akwai tsutsa da ƙwari da mafaka. Kadan ruwa ya fara janyewa wajen watan Oktoba, sai su nemi komawa zurfi, sun yi ƙiba. A mashigar nan ake ɗana musu mali, ko a tare su da koma. Da sassafe ko da la'asar sakaliya aka fi samu. A shiga a hankali, kada inuwar mutum ta faɗa kan ruwa, gama kifin da ke ruwa marar zurfi akwai shi da tsoro.

Har a Amurka haka abin yake. Akwai wani jan kifi na ruwan gishiri da kan bi cikowar teku ya shiga ciyawa neman ƙaguwa. Da aka matsa masa da kamu sai ya ragu ƙwarai, har a 1988 aka hana kama shi a ruwan gwamnatin tarayyarsu na Tekun Meziko.

Mu ma abin tsoron ke nan. Waɗansu kan ja gidan sauro cikin ciyawa su kwashe 'ya'yan kifi, waɗansu kuwa su zuba Gamalin. Wannan daidai yake da mutum ya cinye irin shukarsa. Gubar kuma ba ta tsayawa kan kifi, tana kaiwa ga dabbobi da masu shan ruwan. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta guba, ta kuma hana raga mai idon da bai kai inci 3 ba.

Saboda haka duk ƙaramin da ya shiga koma a mayar da shi ruwa. Fatake su ƙi sayen kifin da aka kashe da magani. Wanda ya ga ana ɓarna ya gaya wa Sarkin Ruwa ko Dagaci, don baɗi ma a sami na miya.