FASHIN BAƘI: Alamar dala da ke kawo cikas ga masu bin diddigin kasafin kuɗi da kwamfuta

Takardun kasafin kuɗin Jihar Katsina, kamar na sauran jihohi, kan fito ne da ɗaruruwan shafuka cike da jadawalai. Matashin da ke son sanin nawa aka ware wa wata hanya ko asibiti a Dutsin-Ma ko Kurfi, ya kuma kwatanta da na bara, ba zai iya kwafe alƙaluman da hannu ba, sai ya nemi taimakon manhaja. Python ne harshen kwamfutar da masu nazarin alƙaluma suka fi riƙo da shi, kuma ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, zai iya koyonsa cikin 'yan watanni. Sai dai wasu daga cikin ingantattun kayan aikin da Java aka rubuta su. Tabula, wadda 'yan jarida suka ƙirƙira don zaro jadawali daga PDF, injinta na Java ne. Haka ma Apache POI mai karanta takardun Excel.

Domin haɗa harsunan biyu akwai gadoji irin su JPype da Py4J. A kan gadar ne mutum kan ci karo da matsalar aji cikin aji.

A harshen Java, aji shi ne tsarin da ke bayyana wani abu da ayyukan da yake iya yi. Ana iya rubuta wani aji a cikin wani, idan na cikin ba shi da cikakkiyar ma'ana sai tare da na waje. Duk wanda ya taɓa duba lambar rumfar zaɓensa ya san wannan tsari: lambar jiha, wadda ta Katsina ita ce 20, sai ta ƙaramar hukuma, sai ta mazaɓa, sai ta rumfa. Mazaɓa ta 01 tana nan a Dutsin-Ma, tana nan a Kurfi, ba a gane wadda ake nufi sai an ambaci uwarta.

Mai rubuta Java yana kiran ajin ciki da ɗigo, misali java.util.Map.Entry. Amma injin da ke gudanar da Java bai san wannan suna ba. An shigo da azuzuwan ciki ne a Java 1.1 a shekarar 1997, bayan an riga an tsara injin, don haka aka bar wa manhajar da ke fassara rubutun ta fitar da kowane ajin ciki a fayil nasa daban, da alamar dala a tsakanin sunayen. Sunan da injin ya sani shi ne java.util.Map$Entry. Wanda ya nemi ajin kai-tsaye da sunan ɗigo ta hanyar Class.forName, amsar da zai samu ita ce babu ajin, alhali yana nan.

Maganin shi ne a miƙa sunan mai dala a matsayin rubutu. Python ba ya yarda da $ a cikin suna, saboda haka a JPype akan rubuta JClass("java.util.Map$Entry"). Gadojin zamani kan karɓi ɗigon ma su juya shi da kansu, amma sunan mai dala ne ya fi tabbas. Akwai tarko a tagar ba da umarni ta Linux: a can $ na nufin a sauya kalmar da ke biye da ƙimarta, sai Map$Entry ya koma Map kawai, mutum ya kwana yana neman kuskuren da ba a manhajarsa yake ba. A harshen C# kuwa alamar tarawa ake sakawa a wannan gurbi.

Azuzuwan cikin ma iri biyu ne. Wanda aka yi wa alamar static yana tsayawa da ƙafarsa. Wanda ba a yi masa ba yana manne da uwarsa, sai an fara samar da na waje an miƙa shi kafin na ciki ya samu. Wanda aka rufe da private kuma marubutansa ba su nufi a taɓa shi daga waje ba, gara a ƙyale shi.

Inda lamarin ya shafi gaskiyar labari shi ne a Apache POI. A cikin Row, wato layin jadawali, akwai ajin ciki mai suna MissingCellPolicy, wanda ke yanke hukuncin abin da za a yi da gurbin da ba a cike ba. Zaɓi uku yake bayarwa. Guda daga ciki, CREATE_NULL_AS_BLANK, yana ƙirƙirar gurbi fanko a inda babu komai, kuma POI na mayar da sifili idan aka nemi lamba daga gurbin fanko. Ma'ana, aikin da ba a rubuta kuɗinsa a jadawali ba zai bayyana tamkar an ware masa naira sifili. Waɗannan zarge-zarge biyu ne mabambanta a kan gwamnati, kuma wanda ya wallafa na biyun bisa kuskure ya ba jami'ai damar watsi da binciken nasa gaba ɗaya. Zaɓin RETURN_BLANK_AS_NULL ne ke nuna gurbin a matsayin babu, domin mai bincike ya koma takardar asali ya duba da idonsa. Daga Python, ana isa gare shi ta sunan org.apache.poi.ss.usermodel.Row$MissingCellPolicy.

Python na da nasa kayan karanta Excel, kuma mai fara aiki daga tushe ya fi dacewa ya yi amfani da su. Gadar ta zama dole ne ga wanda ya gaji manhajar Java ko yake aiki da Tabula. Ita kuma Tabula rubutaccen PDF kaɗai take karantawa. Takardun sakamakon rumfunan zaɓe na EC8A da INEC ke ɗorawa a shafin IReV hotuna ne, don haka ba za ta iya zaro komai daga cikinsu ba.