Mary Onyali da gudun miƙa sanda: yadda matan Najeriya suka fara cin lamba a Olamfik

Lambar yabo ta farko da matan Najeriya suka samu a gasar Olamfik ta mutum huɗu ce. A birnin Barcelona na ƙasar Sifaniya, a shekarar 1992, Beatrice Utondu da Faith Idehen da Christy Opara-Thompson da Mary Onyali suka zo na uku a gudun miƙa sanda na mita 100 sau huɗu, bayan Amurka da haɗaɗɗiyar tawagar ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Sun kammala cikin daƙiƙa 42.81. Faransa na biye da su kafaɗa da kafaɗa, har sai da allon sakamako ya nuna sunan Najeriya sannan suka ɓarke da murna.

Onyali, wadda aka haifa a 1968, ita ce ta ɗauki zangon ƙarshe. Ta yi karatu a Jami'ar Texas Southern da ke Amurka, hanyar da 'yan tseren Najeriya da dama na wancan zamani suka bi don samun horo da filin gudu mai kyau. Ta ci zinare a mita 100 a wasannin ƙasashen renon Ingila na 1994, sannan ta ci tagulla a mita 200 a Atlanta a 1996. Sau biyar ta halarci Olamfik, daga 1988 zuwa 2004. Ko a wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, tana da shekara 35, ba a sha gabanta ba a mita 100 da mita 200.

Mai kallo zai ɗauka cewa ƙasar da ta fi masu gudu ita ke cin wannan tsere. Sau da yawa a wurin miƙa sandar ake ci, a nan kuma ake faɗuwa. Mai karɓa ba ta waiwaye. Tana fara gudu ne da zarar abokiyarta ta taka wata alama da suka auna tun a wajen atisaye, ta miƙa hannu baya, sandar ta shiga tafinta alhali dukansu biyu suna cikin gudu. Dole a yi musayar a cikin iyakar da aka shata, wadda a da mita 20 ce, yanzu kuma 30. In aka wuce iyakar, an kori tawagar baki ɗaya. In sandar ta faɗi, da wuya a sake kamo sauran. Irin wannan sabo ba ya samuwa a sansanin mako biyu kafin gasa, abin da masu shirya tawagoginmu suka daɗe suna yi wa riƙon sakainar kashi.

Shi ya sa wannan tsere ke auna ƙasa, ba gwana ɗaya ba. Mazauna Illela ba sai sun je nesa neman misali ba. Da an tsallaka iyaka zuwa Birnin Ƙonni an shiga Jamhuriyar Nijar, ƙasar Aminatou Seyni, wadda ta zo ta huɗu a mita 200 a gasar duniya ta 2022 a birnin Eugene na Amurka. Gwana ce ta gaske, amma gwana ɗaya ba ta haɗa tawaga. Najeriya kuwa a Atlanta, ban da Onyali, tana da Falilat Ogunkoya da Fatima Yusuf da Charity Opara da Bisi Afolabi, waɗanda suka ci azurfa a mita 400 sau huɗu.

Yawancin 'yan tsere daga wasannin makaranta ake gano su. Yarinyar da ke tsere wa sa'o'inta a firamaren Illela ko Gwadabawa tana buƙatar malamin wasanni da zai lura da ita, da amincewar iyaye, da suturar gudu da za su yarda da ita, da kuɗin motar zuwa filin wasa na Giginya a Sakkwato. Sannan tana buƙatar wasu uku irinta.