Daga ƙwayar Holloway zuwa lasifikar mai magani: gadon tallan Turawa a kasuwanninmu

Duk mazaunin Limawa, ko wata unguwa a Dutse, ya san abubuwa biyu da ba a yin nisa kafin a same su: teburin mai shayi da shagon kemis. Ranar kasuwar Shuwarin kuwa sai na uku ya ƙaru, wato motar mai magani da lasifika a kai, yana lissafo basir da shawara da sanyi da ciwon baya da raunin mazakuta, wai duk kwalba ɗaya ce za ta kawar da su. Mutane da yawa na ɗauka wannan salo namu ne na gado. Rabinsa namu ne. Ɗaya rabin an ƙera shi ne a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kuma a ganina shi ne rabin da ya fi yi mana illa.

A shekarar da ta hau gadon sarauta wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Holloway ya fara sayar da man shafawa, daga baya ya ƙara da ƙwaya. Ba likita ba ne. Abin da ya gane shi ne talla ta fi maganin kansa kawo kuɗi. Kafin ya mutu a 1883 yana kashe kusan fam dubu hamsin a shekara wajen talla kaɗai, cikin harsuna da dama, duk inda jirgin ruwan Ingila ke zuwa. Da ribar ya gina kwalejin Royal Holloway, wadda Sarauniyar da kanta ta buɗe a 1886. Takwaransa Thomas Beecham yana tallata cewa akwatin ƙwayarsa ya cancanci fam ɗaya da sule ɗaya, ga shi yana bayar da shi a sule ɗaya da kwabo ɗaya da rabi. Da Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta bincika irin waɗannan magunguna ta buga sakamakon a 1909, sai aka ga ƙwayar Beecham ba komai ba ce illa wani tsiro mai sa zawo da citta da sabulu, kuma kuɗin haɗin duka akwatin bai kai kwabo ɗaya ba.

Wannan mai sauƙi ne, don zawo kawai yake sawa. Ruwan Mrs Winslow da ake ɗura wa jarirai masu fitar da haƙori yana ɗauke da sinadarin mofin, kuma ya yi ajalin yara da yawa. Ruwan Woodward na ciwon cikin jarirai, wanda aka fara haɗawa a 1851 kuma har yau iyaye mata ke nemansa a kemis, ya daɗe da giya a cikinsa kafin a cire.

Dabarar tasu ba ta da wuyar ganewa. A ɓoye abin da ke cikin kwalba, a ce sirri ne. A jero cututtuka masu yawa yadda kowa zai tsinci nasa. A kawo shaidar wani da aka ce ya warke, wanda ba mai iya zuwa ya tambaye shi. Sannan a maimaita sunan har ya zauna a baki. Da kayan suka tsallaka zuwa ƙasashen da aka mallaka sai aka ƙara wani abu: cewa sayen su shi ne wayewa. Tallan sabulun Pears na 1899 ya fito fili ya ce koya wa baƙar fata tsafta nauyi ne da ke kan farar fata. An faɗi haka ne game da mutane irin namu da ke alwala sau biyar a yini, suna kuma haɗa sabulun salo tun kafin a san Pears.

Sarauniya Biktoriya ba ta ga cin ƙasar Hausa ba. Ta rasu a Janairun 1901, Kano kuwa ta faɗa hannun Turawa a Fabrairun 1903, kuma Dutse a lokacin tana ƙarƙashin masarautar Kano. Ke nan dabarar ta iso mana ne bayan ta nuna, an gwada ta a Indiya da Legas da sauran wurare. Abin da ya buɗe mata ƙofa shi ne dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, kamfanoni irin su Niger Company da John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis suka kafa kantuna. A 1930 dogon ya wuce ta Ringim har Nguru. Dutse ba ta kan layin, amma jaki da 'yan koli, daga baya motocin lodi, sun isar da kaya kasuwannin ƙauye.

A nan ne lamarin ya fi ɗaukar hankali, don hannun da ke sayen gyaɗa shi ne ke sayar da gwangwani. William Lever, mai sabulun Sunlight da aka fara a 1884, kamfaninsa ya saye Niger Company a 1920, kuma daga haɗakar da ta biyo baya aka samu UAC a 1929. Manomi ya noma gyaɗa don ya samu tsabar kuɗin biyan haraji, ya kai ta sikeli, ya karɓi sulalla, ya biya haraji, abin da ya rage ya bar wani kaso a kantin kamfanin da ya sayi gyaɗar. Man gyaɗarsa na iya dawo masa a siffar sabulu ko man shafa wa burodi. Ribar shiga da ta fita duk aljihu ɗaya. Manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata sun samu rabonsu, wannan gaskiya ne, amma manomin ƙasar Dutse ba ya cikin masu yanka farashi, ko na gyaɗa ko na gwangwani.

Sai dai talla ita kaɗai ba ta isa ta bayyana karɓuwar da kayan suka samu ba. Babban dalili shi ne rashin asibiti. Asibitin birnin Kano sai a ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe shi, ɗakunan shan magani na En'e kuwa ba su kai yawan garuruwa ba. Wanda zazzaɓi ya kwantar a ƙauye yana da wanzami da mai sassaƙe da malamin rubutu, sai kuma ɗan kolin da ya zo da ƙwaya a takarda. Dalili na biyu, wasu kayan suna aiki da gaske. Kwinin yana saukar da zazzaɓin cizon sauro, asfirin yana kashe ciwon kai, man zafi irin su Mentholatum da Robb suna buɗe hanci. Wanda ya ga aikin waɗannan da idonsa, da wuya ya yi shakkar kwalbar da ke kusa da su a kan tebur ɗaya. Na gaskiya ne ya yi wa na bogi jagora. Na uku, Bahaushe ya saba da mai magani da ke kirari a kasuwa, don haka kunnensa bai ji baƙon abu ba. Bambancin kawai, wanzamin gari sananne ne, idan ya cuce ka ka san ƙofar gidansa. Mai kwalba kuwa yana Liverpool.

Ta fannin abinci tasirin ya fi zurfi, don ya shiga ba a lura ba. Tun asali a matsayin magani aka tallata su: garin jarirai na Henri Nestlé a 1867, Bovril, Ovaltine, duk da sunan ƙarin ƙarfi da gina jiki. Daga baya Peak da Bournvita da Maggi suka zama 'yan gida. Ba na cikin masu kukan cewa shayi ya kashe koko, don mai shayi sana'a ce da ke riƙe da dubban gidaje, kuma koko da ƙosai suna nan daram. Abin da ya dame ni shi ne sikelin daraja da ya juye. A je dubiya da gwangwanin madara ana ganin an yi bajinta, a je da ƙwaryar fura da nono ko dabinon Dutse ana ganin an gaza, alhali wajen gina jiki ba a bar na biyun a baya ba. Dunƙulen miya ya ture daddawa a tukwane da yawa, ga shi gishiri ne mafi yawansa. Mafi muni shi ne madarar jarirai. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Gana ta bayyana cutar kwashoko, ta yi jawabi mai zafi a Singafo a 1939 kan yadda tallan madarar gwangwani ke kashe jarirai, amma sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar taƙaita wannan talla. Inda ruwan sha ba shi da tsafta, kuma talauci ke sa a tsinka madara da ruwa, bulumboti hanyar gudawa ce da tamowa.

Kamfanonin Turawan nan yau doka ta ɗaure su, dole su rubuta abin da ke cikin kwalba. Dabarar ce ta sauya hannu. Mai maganin gargajiya na zamani ya ɗauki kwalba da lakabi da shaidar wanda ya warke, ya haɗa da rediyo da Facebook da TikTok, ya ƙara da ambaton addini inda Bature ke ambaton wayewa. Sakamakon sakaci kuwa mun gan shi. A 2008 maganin haƙorin jarirai na My Pikin ya kashe yara sama da tamanin a Nijeriya, irin abin da ruwan Mrs Winslow ya yi tun a ƙarni na sha tara. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin miliyan uku kullum a Kano da Jigawa, kuma a 2018 gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Abin da ya rage ƙarfin masu sirri a Ingila shi ne binciken likitoci da dokar tilasta bayyana haɗin magani, sannan asibitin da talaka ke iya zuwa ba tare da ya sayar da akuya ba. Mu muna da NAFDAC tun 1993, muna da dokoki a takarda. Ɓangaren asibitin ne ya rage, kuma muddin ganin likita ya fi kwalbar kasuwa tsada da wahala, kama motar lasifika ɗaya ba zai hana wata fitowa mako mai zuwa ba. Kafin a kai can, mai saye a Limawa yana da haƙƙin ya tambayi abin da ke cikin kwalba, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan mai kaya ya ce sirri ne, a bar masa abinsa.